Kafin ka zuba kuɗinka a kwamfutar geym: tarihin ping daga 1993 zuwa yau 🧵

1/ Jiya da daddare ƙanina ya turo min hoton wata kwamfutar tebur mai fitilu kala-kala, ya ce, "Yaya, wannan zan ɗauka, kuɗin sun kusa cika." Shekara guda cur ke nan yana tarawa. Na ce masa ya dakata tukuna. Amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ce bari in mayar da ita zare, ƙila ta amfani wani.

2/ Ba da "sayi kaza" zan fara ba. Tarihi zan ba ku. Kuskuren da yake shirin yi ni na riga na yi shi a 2021, kuma tun shekarun 1990 mutane ke faɗawa cikinsa. In ka gane yadda wasan kwamfuta ta intanet ya faro, da kanka za ka san inda ya kamata kuɗinka su fara zuwa. Ku biyo ni.

3/ Ranar 10 ga Disamba, 1993, wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka mai suna id Software ya saki Doom. Abin da ya ruɗa mutane shi ne mutum huɗu za su haɗa kwamfutocinsu da waya, kowa yana ganin ɗan uwansa a cikin wasan, suna bin juna da harbi. Kwamfutar da ake buƙata kuwa: furosesa 386 da RAM megabait 4. Hoto ɗaya na wayarka ya kai girman nan.

4/ A lokacin, ofisoshi da jami'o'i ne kawai ke da kwamfutoci a haɗe. Sai ma'aikata da ɗalibai suka mayar da wurin aiki filin daga. Fitowar farko ta Doom tana watsa saƙo ga kowace kwamfuta da ke kan layin, har wadda ba ta cikin wasan, sai netwok ya cushe. Kamfanin Intel da Jami'ar Carnegie Mellon sai da suka hana buga shi a lokacin aiki.

5/ Ku riƙe wannan: tun ranar farko, kwamfutocin suna iya ɗaukar wasan. Wayar da ke tsakaninsu ce ta fara gazawa.

6/ A Yunin 1996 kamfanin ya fitar da Quake, wanda za ka buga da mutumin da ke wani gari ta intanet. A gidaje kuwa intanet ta layin tarho take shigowa, da modem mai gudun kilobit 28.8 a daƙiƙa. Ka danna gaba, saƙo ya tafi babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, wato saba, ta amince, amsa ta dawo, sannan mutuminka ya motsa.

7/ Lokacin wannan zuwa da dawowa shi ake kira ping, da milisakan ake auna shi, dubu ɗaya ne ke cika daƙiƙa guda. Mai modem a gida yakan ga 200 zuwa 300. Ɗalibin da ke kan layin jami'a yana ƙasa da 50. Sai 'yan wasa suka rabu gida biyu, har da sunayen zagi da kowane ɓangare ya laƙa wa ɗaya. Mai ƙaramin ping ya riga ka gani, ya riga ka harbi, magana ta ƙare.

8/ John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan, daga baya ya amsa cewa layin intanet mai ƙarfi ne a gidansa, shi ya sa bai san wahalar da masu modem ke sha ba. A Disambar 1996 suka saki gyara mai suna QuakeWorld. Dabarar: kwamfutarka ta motsa ka nan take bisa hasashe, ba tare da jiran saba ba. In amsa ta iso kuma ta saɓa, sai a mayar da kai inda saba ta ce kake.

9/ Kun san lokacin da kake gudu a Fortnite ko Call of Duty, kawai ka ga an fizgo ka baya kamar an ɗaure ka da roba? Jikan wannan dabarar ke nan. Hasashen kwamfutarka da gaskiyar saba ne suka yi karo. Babu katin girafik a duniya da ke maganin wannan.

10/ A shekarar dai, 1996, wani kamfani mai suna 3dfx ya fitar da katin Voodoo. Aikinsa ɗaya ne tak, zana hoton 3D, har sai ka haɗa shi da wani katin daban kafin ka ga rubutu a allo. Da aka fitar da GLQuake a farkon 1997, wanda ya ga wasan a kan Voodoo ba ya son komawa baya. Daga nan aka fara tseren katin girafik da har yau ba a gama ba.

11/ A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, ita ce ta yayata sunan GPU. Ƙarshen 2000 ta saye kadarorin 3dfx, sarkin jiya ya zama tarihi cikin shekara huɗu. A 2006 AMD ta saye ATI. Abin lura a nan: katin da ya fi kowanne tsada a bana, nan da 'yan shekaru shi ne na tsakiya. Kuɗin da ka biya don zama na ɗaya su ke fara narkewa.

12/ Wani ɗan labari daga 1997. An yi gasar Quake mai suna Red Annihilation, wani matashi Dennis Fong, wanda aka fi sani da Thresh, ya cinye. Kyautarsa motar Carmack ce, Ferrari 328. Shi ne kuma ya yaɗa amfani da maɓallan W, A, S, D da hannun hagu, maus a hannun dama. Yadda kake ɗora hannu a kibod yau, gadonsa ne.

13/ Yanzu mu tsallaka Koriya ta Kudu. A 1997 tattalin arzikin ƙasashen Asiya ya karye, mutane da yawa suka rasa aiki. Gwamnati ta dage wajen shimfiɗa intanet mai sauri, wasu da suka rasa aiki suka buɗe shagunan kwamfuta da ake kira PC bang, ka biya kuɗin awa ka zauna. Ana cikin haka StarCraft ya fito a 1998.

14/ StarCraft ba ya buƙatar komai: Pentium mai gudun megahaz 90, RAM megabait 16. Kowace kwamfutar shago tana ɗaukarsa. Ga layi mai sauri, ga abokan hamayya a gari ɗaya. Zuwa 2000 an kafa hukumar wasannin, KeSPA, ana nuna gasa a talabijin, samari suna karɓar albashi a kan geym. Ƙasar da ta fara mayar da wannan abu sana'a, a kan kwamfutocin haya ta yi shi.

15/ A Yunin 1999 wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ɗauki wasan Half-Life suka sauya shi, suka kira shi Counter-Strike. Kamfanin Valve ya ɗauke su, aka fara sayar da shi a 2000. Valve ta ƙara wata dabara: in ka yi harbi, saba takan koma baya kaɗan ta duba inda abokin gabarka yake a lokacin da KAI ka gan shi.

16/ Wannan ya taimaki mai babban ping, harbinsa ya fara shiga. Amma ya haifi wani baƙin cikin: ka riga ka shige bayan bango, kana ganin ka tsira, kawai ka faɗi. A allon wancan, ba ka shige ba tukuna. Duk wanda ya taɓa buga wasan harbi daga nan ya san wannan ciwon. Ba sihiri ba ne, ba kuma lallai mai cuta ba ne, nisa ne.

17/ A nan ni na shigo labarin. Wajen 2007 ina sakandare, akwai wani kafe a unguwarmu da muke kwana ranar Juma'a, saboda kuɗin dare ya fi sauƙi. Intanet ɗinsu ta tauraron ɗan adam ce, da faranti a kan rufi, irin wadda kafe da yawa ke amfani da ita a lokacin. Mun gwada shiga sabar Turai sau ɗaya. Ping ya haura 600. Kafin ka ga mutum ka mutu.

18/ Daga baya na gane dalili. Irin wancan tauraron yana nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Saƙo ya hau, ya sauka, amsa ta hau, ta sauka: kilomita 144,000. Ko da gudun haske, kusan rabin daƙiƙa ke nan. Sai muka haƙura, muka haɗa kwamfutoci takwas na cikin shagon, huɗu da huɗu. Tsofaffin Pentium 4 ne, amma ping bai kai 5 ba. Wallahi har yau ban buga Counter-Strike mai daɗin wancan ba.

19/ A Nuwamban 2007 ɗin ne kamfanin Crytek na Jamus ya saki Crysis, wasan da kwamfutocin zamanin suka kasa ɗauka a cikakken kyansa. Ya zama abin gwada ƙarfi, kowa na tambayar ko kwamfutarka za ta iya da shi. Shekara biyu bayan haka, a 2009, League of Legends ya fito, kyauta, yana tafiya a kan kusan kowace kwamfuta. Ku duba wanne ne miliyoyin mutane ke bugawa kullum har yau.

20/ Haka abin yake tafiya. Dota 2 a 2013, Fortnite a 2017, Valorant a 2020. Mai wasan gasa yana son jama'a da yawa, don haka dole wasan ya tashi a kan ƙaramar kwamfuta. Lokacin da Valorant ya fito, mafi ƙarancin abin da suka nema shi ne furosesa Core 2 Duo E8400 ta 2008 da RAM gig 4. Wasannin labari na mutum ɗaya su ne masu cin katin girafik.

21/ To mu a nan fa? Abin da ya sauya mana lissafi ba a shagon kwamfuta ya faru ba, a ƙarƙashin teku ne. A 2010 wayoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas. WACS ta biyo a 2012. Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022. Su suka sauko da mu daga 600 zuwa inda za a iya wasa.

22/ Amma akwai iyakar da kuɗi ba sa tsallakewa. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kilomita kusan 200 a kowane milisakan. MainOne daga Fotugal zuwa Legas kilomita 7,000 ce. Zuwa da dawowa 14,000, milisakan 70 ke nan. Ƙara Kano zuwa Legas, wajen 10. Ƙara Fotugal zuwa Landan ko Frankfurt inda sabobin suke, wajen 20. Ka kai 100 tun ba a sa jinkirin na'urorin hanya da na eriyar unguwarku ba.

23/ Valve tana da saba a Afirka ta Kudu, amma ita ma ba kusa ba ce, wani lokacin ma hanyar da netwok ɗinka zai bi ya kai can ta fi ta Turai tsawo. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa na nisan kilomita kusan 550 kawai, don haka ba irin na kafenmu ba ne. Sai dai bai matso da Frankfurt kusa da Kano ba.

24/ Wanda ke shakka ya tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyi huɗu suka yanke a tekun Afirka ta Yamma: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Bankuna ma sai da suka ji a jikinsu. Mai kwamfutar miliyoyi da mai tsohuwar laftof, ranar duk zama ɗaya suka yi.

25/ Yanzu ga nawa kuskuren. A 2021 katin girafik ya yi wuya a duniya, ga ƙarancin kayan lantarki bayan korona, ga masu haƙar kirifto, musamman Ethereum, suna kwashe duk wanda ya fito. RTX 3080 da aka sa wa dala 699 a 2020, ana sayar da shi ninki biyu ko fiye. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce sai na mallaki babban kati.

26/ Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗina na zuba a kati ɗaya na hannu. Abin da ya rage na sayi fawa saflai marar suna, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Monita tsohuwa ce mai 60Hz. Intanet kuwa ƙaramar MiFi ce a kan taga. UPS? Na ce sai wata mai zuwa.

27/ Sakamako: kusurwar allo tana nuna min hoto sama da 200 a daƙiƙa, monita tana iya nuna 60 kawai. Ping yana yawo tsakanin 150 da 300, in dare ya yi unguwa ta hau netwok sai abin ya ƙara lalacewa. Ana kashe ni daidai yadda ake kashe ni a da, sai dai yanzu cikin hoto mai kyau.

28/ Wata na huɗu aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji ƙauri. Fawa saflai ta ƙone, ta tafi da madabod. Katin ya tsira, amma a Satumban 2022 Ethereum ya daina amfani da haƙa, masu haƙa suka zubo katunansu kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Abin da na sayar da shi bai kai rabin abin da na saya ba. Ba wanda ya cuce ni, ni na yi lissafin a juye.

29/ To ga jerin da na ba ƙanina, a kan tsarin da tarihin nan ya nuna. Na ɗaya, kafin ka sayi komai, auna layinka. Ari laftof ɗin aboki, ka kawo ɗakin da za ka ajiye kwamfutar, ka shiga wasan da kake so da ƙarfe 9 na dare, ba da asuba ba. Ka yi haka kwana uku. Duba ping, ka kuma duba ko yana tsaye ko yana tsalle. 120 da ke tsaye ya fi wanda ke yawo daga 90 zuwa 250.

30/ Kada yawan megabit ya ruɗe ka. Gudun saukarwa daban, ping daban. Wasan kansa ba ya cin data sosai in ana bugawa, saukarwa da sabuntawa ne ke cinye ta: Counter-Strike 2 kaɗai yana neman wurin gig 85. In da hali, ka ja waya daga rauta zuwa kwamfuta. Wayar ba ta da tsada, kuma ta fi Wi-Fi tsayuwa nesa ba kusa ba.

31/ Na biyu, wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ƙiftawar wuta ɗaya ta fitar da kai daga wasa, wasu wasannin ma har su hukunta ka don ka bar 'yan ƙungiyarka. UPS da fawa saflai mai suna suna cikin kuɗin kwamfutar, ba ƙari ba ne. Ka haɗa rautar ma a jikin UPS ɗin. Kuma ka san abin da kati ke ja: RTX 4090 wat 450, RTX 4060 wat 115, GTX 1650 wat 75. In sola ko ƙaramin janareto gare ka, wannan lissafin ya shafe ka kai tsaye.

32/ Na uku, furosesa da RAM. Wasannin gasa sun fi jingina da furosesa fiye da yadda mutane ke zato. Kuma sunan "i7" kaɗai ba ya nufin komai, duba lambar da ke gabansa. i7-4770 ta 2013 ce, i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu sosai. RAM gig 16, sanda biyu masu 8-8 sun fi sanda ɗaya mai 16. Ma'ajiya kuma SSD, kada ka yarda da tsohon hadis a matsayin babbar ma'ajiya.

33/ In ta hannu za ka saya, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ofisoshin waje suka sallama, ba laifi, da yawa suna da ƙarko. Amma lura da abu biyu. Tun 1995 Intel ta fitar da tsarin ATX da ya sa kayan kamfanoni daban-daban ke shiga akwati ɗaya. Yawancin na ofis ba sa bin sa sosai, wutarsu kaɗan ce, akwatin siriri ne. Ƙaramin kati marar buƙatar ƙarin waya kawai za su ɗauka.

34/ Abu na biyu: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Valorant a kan Windows 11 ba ya tashi sai da TPM 2.0 da Secure Boot, saboda manhajarsa ta kama masu cuta. Ka sayi zubi na 6 don araha, ka sayi abin da ƙofa ke rufewa a gabansa.

35/ Na huɗu, monita. Mai 60Hz tana sabunta hoto duk milisakan 16.7, mai 144Hz duk 6.9. Ga mai wasan harbi, wannan bambancin ido na ganinsa tun minti na farko. Monita 1080p mai 144Hz da kati matsakaici sun fi babban kati a kan 60Hz. Ni shaida ne.

36/ Na biyar, sai yanzu muka zo katin girafik. Sayi wanda zai cika monitarka a wasan da kake bugawa, shi ke nan. Kada a sayar maka da "gig": GT 730 mai gig 4 ba ya kama ƙafar GTX 1060 mai gig 3. Akwai kuma tsofaffin katuna da ake sauya wa suna. Kafin ka biya, a kunna a gabanka, a buɗe GPU-Z, a buga wasa na minti 20 kana kallon zafinsa.

37/ Kada a manta da inda muke. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Akwati mai shan iska ta gaba ya fi mai gilashi da fitilu. Ɗaga shi daga ƙasa, ka riƙa busa masa ƙura. Fitilun nan ba sa ƙara hoto ko ɗaya.

38/ Amfanin kwamfutar tebur a kan laftof shi ne ana gina ta a hankali. Bana madabod da furosesa masu kyau, baɗi ka ƙara RAM, wata shekarar ka sauya kati lokacin da farashinsa ya sauko. Kuma ita ce dai za ka koyi gyaran bidiyo ko rubuta manhaja a kanta, ba geym kaɗai ba.

39/ Ƙanina dai ya amince zai yi gwajin kwana ukun kafin ya taɓa kuɗinsa. Daren farko ya turo min: 135, yana ɗan tsalle zuwa 160. Na ce to mu ga na gobe, in ya tsaya a haka sai mu fara da UPS da waya, sauran su biyo baya.

40/ Ku ma ku ajiye min a ƙasa: garin da kuke, wasan da kuke bugawa, da ping ɗin da kuke samu da dare. Musamman 'yan Maraɗi, Damagaram, Kumasi da Garwa, ina son in ga yadda naku yake. In an taru da yawa zan haɗa su a wani zaren. Wanda kuma ya san mai shirin sayen kwamfuta, ya tura masa wannan kafin ya je kasuwa. 🙏